Ran da Shirwa Ta Shiga Ruwa

Bana tabkinmu bai kai ƙarshen kaka ba. Ana cikin yankan gero ya tsotse, ya bar taɓo, taɓon ya tsattsage, yanzu masu bugun bulo ne a cikinsa da jakunansu, suna haƙa suna waƙa sai ka ce gonar ubansu. Da safe nakan ja sandata in je in zauna gindin gawon da ke bakinsa, don ƙafafuna ba su san wata hanya ba. In na ɗaga kai ina ganin shirwa. Ita kam ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi tun da mahauta suka kafa rumfa bakin hanya. Zalɓe ne babu. Na daina ƙirga shekarun da na yi ban ji muryar nan tasa mai kama da tarin tsoho ba, yaran yanzu kuwa in ka ce musu zalɓe sai su yi tsammanin sunan wani magani ne. To ni da sunan ɗayan tsuntsayen nan aka san ni ina yaro, wana kuma da sunan ɗayan, kuma abin da ya same mu ni da shi a bakin ruwan nan shi ne ya hana ni sakewa har tsufana.

A da, tun kafin ka ga tabkin kake jin sa. Da asuba kwaɗi ne, in gari ya waye sai ƙarar tuluna suna shan ruwa, guɗ-guɗ-guɗ, da muryoyin mata suna gaisawa suna gulma, can ɗaya gefen kuma Fulani na kiran shanunsu kowace da sunanta. Rijiyarmu ɗaya ce, mai zurfin da in ka jefa guga sai ka gaji da jiran jin faɗuwarsa, ba ta isar mutane balle dabbobi. Saboda haka tabkin shi ne ran garin. Gidanmu ne ke riƙe da shi tun kakannin kakanni. Ba sarautar rawani ba ce, babu doki babu makaɗi, Mai Tabki kawai ake cewa, a lokacin kuwa Kakanmu ne. Shi ke fara taɓa ruwan in damina ta cika shi, da wata tsohuwar ƙwarya da ta yi baƙi don shekaru. Shi ke zuba farar gumba gindin gawo don doguwa, aljanar da aka ce tana zaune a ruwan, Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Shi ke nuna inda mata za su ɗiba da inda shanu za su sha, shi ke buɗe su, wato kamun kifi, da rani in ruwa ya ja baya a kama gaiwa da tarwaɗa. Kowane gida na kawo masa damin gero in an yi girbi. Abu ɗaya aka hana shi. Akwai tsamiya kan tudu, kan hanyar da ke fita zuwa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, wadda in ka wuce ta ka waiwaya ba ka ƙara ganin ruwan. Mai Tabki ba ya wuce tsamiyar nan, balle ya kwana wani gari. Kakanmu ya yi furfura bai san yadda kasuwar Kore Mairuwa take ba.

Ubanmu ya rasu muna ƙanana, Kaka ne ya rene mu mu biyu. Wana dogo ne siriri, mai dogon wuya, ba ya magana sai ta kama. Tun yana ɗan ƙarami in an neme shi an rasa, a je bakin ruwa, yana nan tsaye yana kallo. Ni kuwa, kai! In an ajiye ƙosai a juya baya, babu. In an ji hayaniya a ƙarshen gari, ni ne a gaba. Kaka ne ya raɗa mana sunayen, wata safiya muna zaune gindin gawo. Zalɓe na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, toka-toka, ya lanƙwashe wuya, tun fitowar rana bai motsa ba har inuwa ta gajarce. Sai ga shirwa ta taso daga bayan rumbuna da kukan nan nata siriri, tana murɗa wutsiya tana leƙen gidajen mutane, kaji suka ruga ƙarƙashin danga, mata na ta as, as, suna jifa da muciya. Kaka ya nuna su da sanda ya ce, "Ku dibi tsuntsayen ga biyu. Zalɓe shina jiran abincinai shi zo mai, shirwa tana bin abincin wani. Wanga ba shi sata, amma ba shi ganin duniya. Wagga tana ganin duniya, amma ba ta da gida." Sai ya dube mu ya yi dariya ya ce, "Ga su nan Allah ya ba ni, duka biyu, cikin ɗaki guda."

Sunayen suka bi mu. Ni kuma, gaskiya, na ji daɗin nawa. Nakan kwanta rigingine kan tudu in yi ta kallon shirwa tana hawa sama ba ta ko kaɗa fiffike, har ta zama ɗan ɗigo. In an sa wa daji wuta bayan girbi, ita ce ke fara zuwa, tana kutsawa cikin hayaƙi tana cafe fara. Ran da ta fizge tsokar nama daga kan wata gwaggonmu, gwaggon na zagi ina tafi. Zalɓe kuwa haushi yake ba ni. Yini guda don kwaɗo ɗaya! In ya ga dama ya tashi ma, sai ya yi ta jan jiki, ƙafafu na lilo a baya, ya yi tarinsa sau ɗaya, ya koma ɗaya gefen ruwan ya sake tsayawa. Wana yakan ce mini, "Ba ka iya kallo ba ne. Shi bai taɓa kai baki ya dawo wofi ba." Ni kuma in ce masa, "Ka je ka tsaya tare da shi mana, ai ku biyun ba a gane ku."

Da aka aiko daga Dogon Dutsi cewa kowane babban gida sai ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, makarantar boko ke nan, ba a yi dogon tunani a gidanmu ba. A lokacin kai yaro lakwal kamar kai shi bauta ne, wasu har cikin rumbu suke ɓoye 'ya'yansu. Kawunnanmu suka ce a ba Nasara shirwa, a riƙe zalɓe, don kowa ya san wanda zai gaji ƙwarya. Inna ta yi kuka, ni kuwa ko a jikina. Na ga dutsen nan da ake ba mu labari, na ga mota, na ga mutane masu yare iri-iri, na sha bulala na iya karatu. In na zo hutu sai in tarar da wana ya ƙara tsawo, yana bin Kaka da ƙwarya, ya san kowane rami da ke cikin tabkin, ya san ranar da ruwa zai kai gindin gawo tun daga launin hadari. Ba mu da faɗa. Kowa ya san rabonsa, kuma kowa na son nasa.

Ina cikin samartaka Faransawa suka sauke tutarsu aka ɗaga tamu. Mutanen ƙauye ba su ga wani bambanci ba, gardi, dogarin gwamnatin nan da ke zuwa da doki, shi ne dai ke zuwa. Amma mu 'yan lakwal kanmu ya yi zafi. Kullum mushenmu, malamin da ya koyar da ni tun ina shiga, yana ce mana ƙasa ta samu kanta, tana neman 'ya'yanta masu karatu. Ba a jima ba kuwa takarda ta zo da sunana: in tafi Yamai a horar da ni in zama mushe ni ma. Babbar motar da za ta kwashe mu za ta tashi daga Dogon Dutsi bayan mako guda. Na sayi akwatin ƙarfe, na naɗe takardar cikin ƙyalle na sa a aljihun gaba, ina taɓa ta ina tafiya. Na zo gida sallama ke nan, kwana biyu da isowata, Kaka ya kwanta da rana bayan ya sha fura, bai tashi ba.

Al'adarmu, in Mai Tabki ya mutu, ruwa ya rufe. Ba mai ɗiba, ba mai shayar da dabba, sai sabon Mai Tabki ya sa ƙwarya ya buɗe shi da hannunsa. Kuma ba mutane ke zaɓen sabon ba, mamacin ne. Tarkama ake ce wa abin. A naɗe gawa cikin tabarma, a ɗaura kan makarar itace, mutum huɗu da ba jinin gidan ba su ɗauka, a jera mazan gidan a fili, gawar ta ja masu ɗaukarta har ta je ta bugi wanda take so. Da yamma, muna zaune a ƙofar ɗakinta, Inna ta kama hannuna. Ta ce, "An ce kaza mai 'ya'ya ita ka tsoron shirwa. To ni shirwar ita ce ɗiyana, ita nike ji ma tsoro. Gobe in anka ɗauko tsoho, ka tsaya inda anka tsai da kai. Ko mi kag gani, kak ka motsa. Ba kai shi ka biɗa ba, yayanka shi ka biɗa." Na yi dariya na ce, "Haba Inna, gawa ce za ta bi ni? A lakwal an gaya muna duk wannan kafaɗun mutane ne." Ta ce, "Ni dai na hwaɗa maka."

Da hantsi aka jera mu bakin tabkin, mu bakwai, kawunnanmu biyu da 'ya'yansu da mu. Ruwa na bayanmu, garin duka ya kewaye mu ta gaba da gefe. Wana na damana, ya wanke tsohuwar rigarsa, ya miƙe wuya. Maƙera huɗu suka ɗauko makarar. Dattijon gari ya matso ya yi wa gawar magana kamar mai rai, ya ce, "Tsoho, ka sha ruwanka ka ƙoshi. Nuna muna wanda ka bar ma ƙwarya." Makarar ba ta motsa ba. Ina tsaye ina murmushin 'yan lakwal. Sai na ji itacen makarar ya fara ƙara, ƙyas-ƙyas, maƙeran suka fara rawar jiki, suka yi gaba, suka yi baya, suka yi gefe kamar masu maye. Daga nan sai suka taho da gudu. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Idanunsu sun juye, gumi na zuba, ƙafafun Kaka cikin tabarma suna tahowa saitin ƙirjinmu. Na dubi wana, ya rufe ido ya turo ƙirji yana jira. Saura taki uku ko huɗu. Ni da na ce kafaɗun mutane ne, ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗauke ni ba.

Ina zan bi? Gaba mutane, gefe mutane. Hanya ɗaya ce a buɗe, sai na faɗa ruwa. Na ji jama'a sun ɗauki ihu, na waiwaya, sai na ga makarar ta bar wana, ta juyo, ta biyo ni. Na kutsa har ruwa ya kai mini gwiwa, taɓo ya riƙe ƙafafuna, na ja na ja, ina! Nan na tsaya cak, tsakiyar ruwa, daidai inda zalɓe ke tsayawa. Makarar ta iso ta buge ni a ƙirji, ta ja baya ta sake, har sau uku. Na faɗi zaune. Takardar Yamai ta jiƙe a aljihuna. Na ji dattijon gari yana cewa, "Kun gani da idonku. Tsoho bai ko bari anka kai shi ba, shi da kainai yas shiga ruwan." Mata suka rangaɗa guɗa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Da na ɗaga kai, wana na nan inda yake, idonsa a buɗe yanzu, ƙirjinsa a ture har lokacin.

Bayan an binne Kaka aka kawo mini ƙwarya, na ce ban karɓa ba. Na ce kuskure ne, a sake. Aka ce ba a tono gawa a tambaye ta sau biyu. Na ce a ba wana, shi ya san aikin, shi ke so. Kawunmu babba ya ce, "In yat taɓa ruwan ga da ƙwaryar ga, alhali ba shi anka nuna ba, abin da yab biyo baya wa za shi ɗauka? Kai?" Na shiga ɗaki na ja tabarmar ƙofa. Wana ya shigo ya zauna. Daga baya ya ce, "Mi yas sa ka gudu?" Na ce, "Tsoro, Yaya." Ya ce, "Ni tun ina yaro nike tsaye ina jiran ranar ga. Kai tsayuwar shan ruwa guda anka roƙe ka, ka kasa." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku ruwa na rufe. Ranar farko aka sha na randa. Rana ta biyu mata suka yini a rijiya suna faɗa kan guga. Shanun Fulani na can bayan gari an tare su, suna jin ƙanshin ruwa suna kuka. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya roƙe ni. In na fito sai a sunkuyar da kai, tsofaffin da suka sha dukana da kara saboda satar ƙosai suna ce mini, "Sannu, Mai Tabki." A rana ta uku da safe mushenmu ya iso kan keke, gardi na biye da shi kan doki, don labari ya kai Dogon Dutsi. Mushe ya tsaya gaban dattawa ya yi magana mai daɗi, ya ce zamani ya sake, ya ce yaron nan gwamnati ta kira shi, ba mai ikon tsare shi. Kawunmu ya saurara har ya gama, sannan ya buɗe hannuwansa ya ce, "Mushe, ka ga igiya? Ka ga mari a ƙahwatai? Ga shi, ga hanya. Mu ba mu riƙe kowa ba."

Na ɗauki akwatina a ka na bi su. Ban ga Inna ba. Muka haura tudu, mushe na tura keke yana ce mini takardar da ta jiƙe ba komai, za a sake wata. Ina jin iskar duniya a fuskata. Da muka iso gindin tsamiya na sauke akwatin don in gyara gammo, sai na waiwaya. Da ma ban waiwaya ba. Ga tabkin shimfiɗe, cike, yana ƙyalli. Ga matan garin sun jeru bakinsa da tulunansu a ƙasa, ba mai magana, ba mai taɓa ruwan. Inna ce a gaba, da jaririyar wata maƙwabciyarmu a hannu. Can gefe makiyaya sun gitta sanduna suna tare shanu. Ga wana kuma shi kaɗai gindin gawo, ƙwarya na ajiye gabansa, taki ɗaya tsakaninsa da ita, hannuwansa a baya. Na ce, "Mushe, ku jira ni. In sa musu ƙwaryar kawai su sha, yanzu zan dawo." Ya kama kafaɗata ya ce, "In ka sauka tudun nan ba ka hawowa." Na ce, "Haba Mushe, ni ne fa Shirwa. Ɗauka zan yi in tashi."

Na sauka da gudu. Na ɗauki ƙwaryar, na shiga ruwan, na ɗebo. Ban ma san abin da ake faɗi ba, wana ne ya matso bayana yana raɗa mini kalmomin ina maimaitawa. Na zuba na farko gindin gawo. Na biyu Inna ta miƙo jaririyar nan, na ɗiga mata a baki, ta lashe leɓe ta buɗe ido ta kalle ni. Sai tuluna suka fara, guɗ-guɗ-guɗ, shanu suka ɓarke suka faɗa ruwa, wata tsohuwa ta durƙusa ta kama ƙafata tana sa mini albarka. Na juya zan tafi, wani ya ce in nuna inda shanu za su tsaya kada su dama na sha. Na nuna. Wata ta ce ɗanta na zazzaɓi, in shafa masa ruwan. Na shafa. Daga wannan sai wancan. Kuma duk wanda ya sha sai ya dube ni da idon nan da ke cewa, yanzu in wani abu ya sami ruwan ga, ko wani yaro ya nutse, mun san wanda ya buɗe ya gudu, mun san uwarsa. Ina ɗaga kai ina hango mushe gindin tsamiya, shi da keke da gardi. Sun jira har rana ta take tsaka. Da na sake dubawa, akwatina ne kaɗai a wurin.

Wana ya zauna da ni har rani, ya koya mini komai, rami-rami, kalma-kalma, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ranar da na buɗe kamun kifi na farko, washegari ya naɗe tabarmarsa. Na raka shi har tsamiya, don nan ce iyakata. Na ce, "Yaya, ka zauna mana, ni in riƙe ƙwarya kai ka riƙe aikin." Ya ce, "In tsaya kullum ina kallon ruwan ga a hannun wani? Ko kai ne, ban iyawa." Ya wuce. Ina nan tsaye sai ga Arɗon Fulanin da ke shayarwa a tabkinmu, tsoho ne mai sanda a wuya, ya ga komai. Ya ce, "Mai Tabki, na sha jin kakanka yana zancen tsuntsayen nan. Bai gaya muku duka ba, don shi bai taɓa wuce itacen nan ba. Ni na bi shanu har ƙasar Kabi, can na tarar da zalɓe da rani, a bakin gulbi. In ruwa ya ƙafe masa tashi yake, fiffikensa ma ya fi na shirwa faɗi. Ba tsuntsun da aka ɗaure. Mutum ne kaɗai ke ɗaure kansa." Na ce, "To Arɗo, ita shirwa fa in ta faɗa ruwa?" Ya ce, "Ita kam in gashinta ya jiƙe, sai dai Allah."

Wana kudu ya yi, wani babban birni, ya zama mai ga-ruwa. Mutumin da ya san ranar cikar tabki daga launin hadari, shi ne ke bin lunguna da garwa biyu yana sayar da ruwan famfo. Bai taɓa dawowa ba. Duk shekara in 'yan ci-rani sun dawo sai su kawo mini saƙonsa, kuma saƙon ɗaya ne, ba gaisuwa ba komai: ruwa ya kai gindin gawo bana? Sai shekarar da suka dawo ba su kawo tambayar ba, na gane. Ban je ta'aziyyarsa ba, ban san kabarinsa ba. Abin da ya ƙara mini ciwo, bayan shekaru da yawa na kai gyaran hauya wurin ɗaya daga cikin maƙeran nan huɗu, ya tsufa, yana zuga wuta, sai ya ce ba tare da na tambaye shi ba, "Wurin yayanka munka nuhwa, wallahi. Sai kag gudu. Ka san ko kare ne in ka gudu sai shi bi ka. Har yau ban sani ba, tsoho ne yaj juya mu ko kahwaɗunmu." Na karɓi hauyata na fito.

Na yi aure, na haifa, na aurar. Gumbar gindin gawo na daina zuba ta tun da daɗewa, sallata nake yi, kuma ban ga doguwa ta ce mini komai ba. Aka haƙa mana famfo, mata suka daina zuwa da tuluna, damin gero ya daina zuwa, waɗanda suka ga tarkamar nan duk sun mutu sai ni. Babu sauran wanda zai zarge ni. Amma sau nawa na hau tudun nan ni kaɗai, na isa gindin tsamiya, na ce yau kam sai na wuce? In na ɗaga ƙafa sai in ji kukan shanun nan, in ga idon jaririyar nan. Ina jin haushin kaina, ina jin kunya, amma haka nake juyowa. Yaran da na kai lakwal da hannuna sun ga Yamai, sun ga abin da ya fi Yamai. Ni da aka fara kira, labari nake ji.

Shekaranjiya babban ɗana, wanda ke jan motar haya tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ya same ni gindin gawo. Idona ya yi yana, ya daɗe yana so ya kai ni likita a kankare. Ya dubi masu bugun bulo, ya dube ni, ya ce, "Baba, don Allah, tabkin ya mutu. Wa kake gadi?" Na ce masa ya zauna, akwai maganar da ta fi ido. Na ce, "Ran da na mutu, in an yi mini wanka an sallace ni, kada a ɗauke ni a kafaɗa. Ban yarda da kafaɗun mutane ba, ban kuma yarda da gawata ba. Kada wani jinina ya tsaya gabana, kai ko ƙannenka ko 'ya'yanku. Ƙwaryar nan ku sa ta tare da ni. Ka kwantar da ni bayan motarka, ita ba ta da kafaɗa, ka haura tudu, kada ka tsaya gindin tsamiya, kada ka waiwaya. Ka kai ni Dogon Dutsi ka binne."

Ya yi ta wasa da makullin motar. Can ya ce, "To Baba, in can muka kai ka, ai ka kwana waje ke nan."

Na ce, "Shi nake so. A bar ni in yi kwanan nan ko sau ɗaya."